Ridin Ɗin Malam Ƙamus

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar ilimi har ta yi musu yawa, da Malam Ƙamus ake farawa, da shi kuma ake rufewa, domin shi kansa bai taɓa jin labarin na biyu ba. Mataimakin darakta ne a hukumar kula da kasuwanni, shi ke riƙe da sashen wayar da kan jama'a. Aiki ne da ya dace da shi kamar an auna, don tun da yake bai taɓa haɗuwa da kan da ba ya buƙatar wayarwa ba, in ban da nasa.

Mutum ne gajere, kakkaura, mai tafiya ƙirji a gaba kamar wanda aka kira ya karɓi lambar yabo. Tabarau biyu gare shi, ɗaya a hanci, ɗaya rataye a wuya yana jiran ko-ta-kwana. Ofishinsa yana hawa na sama, a ƙarshen baranda, kuma abin da mai shiga zai fara gani shi ne wani ƙaton ƙamus na Turanci a buɗe a tsakiyar tebur. Kullum a buɗe yake, kullum kuma a shafi daban, abin da ke sa baƙi su fita suna jinjina kai. Masu shara ne kaɗai suka san fanka ce ke juya shafin. Daga wannan littafi ya samo sunansa. Ma'aikata sun laƙaba masa ne don zolaya, shi kuwa da ya ji sai ya ce gara da suka gane da wuri.

Asalin ɗaukakar tasa wani ɗan kwas ne da aka tura shi ƙasar waje shekarun baya. Kwas ɗin bai kai wata ba, rabinsa ma mura ta kwantar da shi a masauki. Amma da ya dawo sai ga shi Hausa ta soma yi masa wuya. Yakan tsaya a tsakiyar magana ya murza yatsu, ya dubi rufi, ya ce, "Me ma kuke ce wa abin nan?" Abin nan kuwa sau da yawa cokali ne, ko ƙofa.

A cikin kalmomin Turanci duka, akwai wadda ya ɗauka ya rungume kamar 'yar cikinsa. Ita ce kalmar da Turawa ke kiran karatu da ita, wato ridin. Ba a zama da Malam Ƙamus a tashi bai fito da ita ya goge ta ya nuna wa jama'a ba.

Wata safiya aka kira taro a kan rufin rumfunan masu kifi, wanda ke yoyo tun farkon damina. Wani jami'i ya yi kuskuren cewa bai samu ya karanta rahoton ba. Malam Ƙamus ya sauke tabarau na hanci, ya ɗora na wuya, ya gyara murya. Waɗanda suka san shi suka gyara zama, suka nemi bango suka jingina.

"Ka ce karantawa," in ji shi. "To bari in taimake ku. Ku dubi kalmar nan ridin. Kun ɗauka buɗe littafi ne kawai a bi layi da yatsa. Ba nan ta tsaya ba. Idan Bature ya ce ɗansa yana ridin shari'a a jami'a, fannin da ya ɗauka yake nufi. Idan aka kawo doka majalisa, sai ta yi ridin na farko, ta yi na biyu, ta yi na uku, kamar mai hawa bene. Marubuci ya tara mutane ya karanta musu abin da ya rubuta, taron ma sunansa ridin. Ka kalli fuskar mutum ka gane abin da ke cikinsa, ridin ne. Fahimtar da ka yi wa wata magana, ita ma ridin ɗinka ce. Duk faɗin ƙasar nan, waɗanda suka san ma'anonin nan gaba ɗaya ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kuma har yau ban haɗu da sauran ba."

Aka tashi taro ba a koma kan rufi ba. Ruwa ya ci gaba da sauka a kan kifi, amma ma'aikata sun fita da ilimi, wanda a ganin Malam Ƙamus ya fi kwano daraja.

A gida ma haka yake. Matarsa mace ce mai haƙuri, wadda ta daɗe da gano cewa hanya mafi sauƙi ta ƙare muhawara da mijinta ita ce ajiye masa abinci a gabansa. Wata rana yana shirin cin na rana ta ce, "Malam, mai mitar wuta ya zo ɗazu, wai ya zo ɗaukar ridin."

Ya ajiye cokali a hankali, kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

"Mita ta yi makaranta ne da za a ɗauki ridin ɗinta? Wannan Turancin kan tsani ne. Sai su tsinci kalma a hanya su jefa a aljihu. Ridin aikin ƙwaƙwalwa ne, ba ya shiga akwatin ƙarfe. In ya sake zuwa ki ce masa duba lamba ya zo yi."

Ya jawo kwalbar gishiri ya barbaɗa a miya tun kafin ya ɗanɗana, yadda ya saba, ya ci ya ƙoshi. Sannan ya kama ƙeya ya matsa. Ya jima yana fama da wani ciwon kai da ke tsaya masa a bayan wuya, wani lokaci har ya ga wasu ƙananan taurari suna yawo a gabansa. Matarsa ta sha roƙonsa ya je asibiti. Shi kuwa ya riga ya gano cutar da kansa. Nauyin ilimi ne, in ji shi, wuya ba a halicce shi don ɗaukar irin wannan kayan ba. Asibiti kuma, a ra'ayinsa, wurin mutanen da ba su da tsari ne. Rabonsa da shiga tun yana saurayi.

Ana nan sai darakta ya kai lokacin ajiye aiki. Aka ce za a zaɓi magajinsa a cikin manyan jami'an hukumar. Mutum biyu suka nema, Malam Ƙamus da wata mata mai kula da rabon shaguna, wadda ma'aikata ke kira Anti Shiru saboda takan yi yini guda ba ta ce komai ba sai aiki. Malam Ƙamus ya ji tausayinta ƙwarai. Har ya aika mata cewa idan ya hau zai bar ta a kujerarta, kar ta damu.

Sharaɗi ɗaya ne ya ɓata masa rai. An ce kowane mai nema sai ya je likita ya duba lafiyarsa kafin ranar ganawa da kwamiti. Ba yadda ya iya, ya shirya ya tafi asibitin da hukumar ke hulɗa da shi. Ya ɗauki wani littafi mai kauri, mai rubutun zinariya a gadon baya, ya riƙe shi yadda sunan zai fuskanci jama'a. Bencin jira cike yake da mutane. Bai zauna ba, ya tsaya a gefe yana duba agogo, don kar a ɗauka shi ma maras lafiya ne.

Da aka kira shi, nas ɗin da ke bakin ƙofa ta ce, "Yallaɓai, likitar baƙuwa ce, ba ta jin Hausa. Zan shiga in tsaya in fassara maka."

Ya dube ta ta saman tabarau.

"'Yata, tafinta na marasa harshe ne. Je ki taimaki waɗanda ke kan benci."

Ta ja baya, ta rufe musu ƙofa.

A nan ya kamata a faɗi wani ɗan sirri, da sharaɗin kar ya fita waje. Turancin Malam Ƙamus ƙofa ɗaya gare shi, ta fita. Idan shi ke magana, sai ka ce famfo aka buɗe. Amma idan da shi ake yi, musamman da sauri, yakan kama kalma ɗaya a cikin biyar, ya gyaɗa kai a kan sauran. Likitar kuwa, wata doguwar dattijuwa mai furfura da ta zo daga wata ƙasa mai nisa, Turancinta kamar ana zuba tsakuwa a kwano yake.

Ta nuna masa kujera, ta naɗe masa hannun riga, ta ɗaura masa wani ƙyalle mai igiya a damtse. Shi ko kallon abin bai yi ba. Ya ɗora littafinsa a kan teburinta, ya fara ba ta labarin littattafan da ya karanta da waɗanda yake shirin rubutawa. Ta ɗora yatsa a leɓe tana nufin ya yi shiru. Ya ɗauka mamaki ne ya kama ta, ya ƙara murya. Na'ura ta yi gurnani, ta matse masa hannu, ta saki. Likita ta dubi lambobin da suka fito, ta dube shi. Ta kwance ta mayar ɗaya hannun, ta sake gwadawa. Sai ta cire tabarau ta ajiye, ta yi wata doguwar magana fuskarta ba walwala.

A cikin tsakuwar da ta zubo, Malam Ƙamus ya tsinci abu uku, kuma ukun nan sun ishe shi. Na ɗaya, ridin ɗinsa ya yi sama ƙwarai. Na biyu, tun da ta zo asibitin ba ta ga irinsa ba. Na uku, lalle ya dawo a yi ridin na biyu.

Wani sanyi ya ratsa shi tun daga kai har ƙafa. Shekara da shekaru yana faɗa ana yi masa kallon mai cika baki, yau ga ƙwararriya daga ƙetare, da na'urar zamani, ta tabbatar. Ta juyo da fuskar na'urar ta nuna masa lambobi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ya haddace su nan take. Ta nuna masa gadon da ke gefe ya ɗan kwanta. Ya yi murmushi ya ce ya gode da karamci, amma bai gaji ba, ya saba. Ta miƙe ta leƙa tana kiran nas, shi kuwa ya riga ya ɗauki littafinsa ya kama hanya. Taurari na gilma masa, amma yau ya san na murna ne.

Yana gab da fita nas ta biyo shi da sauri ta ce, "Yallaɓai, ka tsaya ka karɓi magani a taga. Kuma don Allah a rage gishiri."

Ya tsaya cak, ya waiwayo.

"Ban ko fita ba har hassada ta fara. Wato kar in je ina ƙara wa maganar likita gishiri. 'Yata, ni ba na ƙari. Abin da aka faɗa ma ya isa."

Ya dubi layin da ke gaban tagar magani, ya ga har ya kai bakin ƙofa. Mutumin da na'ura ta tabbatar ba ya bin layi. Ya wuce abinsa.

A gida ya tara matarsa ita kaɗai, tunda yara duk suna makaranta, ya tsaya a tsakiyar falo ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa.

"Anya Malam," in ji ta, "ba hawan jini take nufi ba? A hannu fa ka ce ta ɗaura maka."

"Da shi take nufi da ta kira sunansa. Sunansa na Turanci daban ne, kuma na san shi. Ridin ta ce, har sau uku. Na'urorin yanzu daga damtse suke gano abin da ke cikin kai. Ko yau ke za ki koya mini ridin?"

"To me ya sa ta ce ka dawo?"

"Yawwa, yanzu kika yi tambaya. Ridin na biyu ke nan. Doka ma ba ta kai wannan mataki sai ta tsallake na farko. Na tsallake."

Ta tashi ta shiga kicin. Amma daga ranar miyarta ta zama salam, kwalbar gishiri kuma ta ɓace daga tebur. Malam Ƙamus bai yi faɗa ba, don manya ba sa faɗa a kan ƙananan abubuwa. Ya sayi ƙullinsa ya saka a aljihun kwat. Da ta ga haka sai ta shiga ɗaki ta buga wa yayarsa waya. Ita ce babbar gidansu, tana zaune a wani gari, kuma ita kaɗai ce a duniya take kiransa da sunan da ba ya so. Ta ce tana nan tafe.

A ofis kuwa ba wanda bai ji labari ba, daga mai gadi har mai kawo shayi. Sai dai bai ambaci ƙyalle da damtse ba, don a ganinsa wannan bayanin fasaha ne da zai yi musu nauyi. Cewa kawai yake wata ƙwararriya daga waje ta gwada shi ta ce ba ta taɓa ganin ridin irin nasa ba. Ma'aikata suka ce Allah ya ƙara basira, suka ci gaba da abin da suke yi. Ridin na biyu ya ɗage shi sai bayan ganawa da kwamiti, don yana so ya shirya masa sosai. Kowace yamma yakan tsaya gaban madubi da littafi yana karantawa da ƙarfi, yana ɗaga hannu, har jijiyar goshinsa ta fito raɗau.

Ranar ganawa ya shigo da sabuwar kwat mai maɓalli shida da laktaye ja wanda ya shaƙe shi har wuya ya kumbura. A ofishin darakta aka yi zaman. 'Yan kwamiti uku suna zaune a kan kujerun katako a gefen dogon tebur, kujerar darakta mai taushi, mai juyawa, tana can bayan babban tebur ba kowa a kai. Malam Ƙamus ya dube ta, ita ma kamar ta dube shi. Shugaban kwamitin wani tsoho ne siriri da ya daɗe da ajiye aiki, yana da ɗan akwatin ƙwayoyin magani a gabansa kusa da kofin ruwa.

Anti Shiru ta riga ta shiga ta fito. An tambaye ta rufin masu kifi, ta faɗi yadda za a gyara, ta tashi.

Shi ma tambayar da aka yi masa ke nan. Ya yi murmushin tausayi.

"Ranka ya daɗe, matsalar hukumar nan ba rufi ba ce, ƙarancin ridin ne. Shugaban da ba ya ridin littafi, ba zai iya ridin fuskar ɗan kasuwa ba, balle ya yi ridin halin da ƙasa ke ciki. Ni ba na son yabon kaina, kowa ya sani. Amma tunda ku kuka tura mu asibiti, dole in faɗa. Likitarku ta gwada ni, ta ce ridin ɗina ya yi sama har abin ya ba ta tsoro. Sai da ta sake gwadawa a ɗaya hannun don ba ta yarda da idonta ba."

Tsohon ya ɗago kai daga takardun gabansa.

"A hannu ta gwada?"

"A damtse, ranka ya daɗe. Fasahar zamani."

"Nawa ta ce?"

"A makaranta, maki ɗari ne ƙarshe. Ni na sama ya haura ɗari biyu da ɗoriya mai kauri. Na ƙasa ma ya wuce ɗari nesa ba kusa ba. A fahimtata na sama na Turanci ne, na ƙasa na sauran fannoni."

"Ta ba ka magani?"

"Wane magani ake ba wanda ya ci jarrabawa?"

Tsohon ya dubi idanun Malam Ƙamus da suka yi ja, ya dubi jijiyar da ke harbawa a goshinsa, ya dubi gumin da ke tsatsafo masa. Sai ya miƙe tsaye da saurin da ba a zaci yana da shi ba. Sauran biyun ma suka miƙe.

"Ku kawo kujerar can mai taushi," in ji tsohon. "Ku zaunar da shi a hankali. A sassauta masa laktaye. A kira direban darakta ya kawo mota bakin ƙofa yanzu."

Aka gangaro da kujerar darakta, mutum biyu suka riƙe Malam Ƙamus suka zaunar da shi a kai. Wani ya juyo masa da fanka, wani ya miƙo masa ruwa. Ya san zai ci, amma bai zaci za a naɗa shi nan take ba, ba ko shawara. Ƙwalla ta cika masa ido.

"Na karɓi wannan nauyi da tawali'u," ya fara. "Abu na farko da zan yi, kowace Litinin za a rufe ofis a yi awa biyu ana ridin."

"Kar ka yi magana," in ji tsohon, yana dafa masa kafaɗa. "Ka huta kawai. Komai za a yi maka."

Irin shugabancin da ya daɗe yana mafarki ke nan.

Aka sauko da shi daga bene, mutum ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ma'aikata suka fito baranda suna kallo, fuskokinsu duk a tsorace. Shi da ya ƙware a ridin fuska, nan da nan ya gane kwarjini ne. Ya ɗaga musu hannu, ya ce kar kowa ya ji tsoro, ba zai kori mutum ba sai da dalili. Anti Shiru da kanta ta buɗe masa ƙofar mota ta saka masa jakarsa. Ya yaba mata da wannan ladabi. A hanya ya shaida wa direba cewa zai ci gaba da riƙe shi, amma sai ya gyara yadda yake furta wasu kalmomi. Da ya ga sun karya kwana sun shiga asibiti ma bai damu ba. Ya ce ashe har ridin na biyu hukuma ta shirya masa, sai dai kash, bai taho da littafinsa ba.

Ba a nemi littafi ba. Aka cire masa kwat mai maɓalli shida, aka samu ƙullin gishiri a aljihu aka ajiye gefe. Aka sa masa wata riga mai igiya a baya, aka kwantar da shi a ɗaki mai gado biyu, aka yi masa allura. Likita ta zo tana faɗa cikin tsakuwarta, nas na biye da ita. Kafin ya haɗa jawabin da zai yi musu barci ya ɗauke shi.

Da ya farka, matarsa na zaune a gefen gado, idanunta sun kumbura. Bai taɓa ganin ta haka ba, abin ya ɗan taɓa shi, amma ya ɗauka kukan farin ciki ne. A ɗaya gadon wani tsohon mahauci ne, ƙato, mai fara'a, wanda ya gaishe shi ya ce shi ko alif bai sani ba a boko, sunansa ma da babban yatsa yake sa hannu. Malam Ƙamus ya yi niyyar ya nemi a canza masa ɗaki.

Sai ga nas ta shigo da na'ura. Ta wuce shi, ta je wurin mahauci, ta ɗaura masa ƙyalle a damtse. Malam Ƙamus ya ɗago kai daga matashi. Na'ura ta yi gurnani ta saki.

"Baba, ridin ɗinka har yanzu yana sama," in ji nas. "Ka ma fi maƙwabcinka."

"To, Allah ya sauƙaƙe," in ji mahauci.

Malam Ƙamus ya tashi zaune.

"Ya fi wa? Mutumin da ke sa hannu da yatsa? Na'urar nan ta lalace. A zo a sake gwada ni."

Aka gwada shi. Saboda fushin da ya yi, ya kamo mahauci har ya ɗan gota shi. Ya koma ya kwanta da ɗan sauƙi a ransa, amma shakka ta riga ta kama shi. Ya dubi na'urar, ya dubi mahauci, ya dubi robar da aka maƙala masa a bayan hannu.

A daidai nan yayarsa ta shigo da jakarta a hammata, ko zama ba ta yi ba.

"Auta," in ji ta, a gaban mahauci da nas da kowa. "Jininka ne ya hau, saura kaɗan ya fasa maka kai. Abin da ya kashe babanmu ke nan, kana ƙarami ba ka sani ba. Ridin ɗin da kake ta yawo da shi lambar na'ura ce. Ka bar matarka tana kuka, kana yawo da gishiri a aljihu kamar akuya. Kwanta."

Ya kwanta. Tun da ya dawo daga kwas, wannan ce rana ta farko da aka yi masa magana da Hausa ya gane duka bai nemi kalma ba. Ya miƙa hannu ya kama na matarsa, ita kuwa ba ta ce ai na faɗa maka ba, wanda hakan ya fi faɗar ciwo.

Ya yi kwanaki a gadon nan. Safe da yamma ana ɗaukar ridin ɗinsa, ba a taɓa tambayarsa ko shafi ɗaya ba. Abinci ba gishiri, baƙi ba jawabi. Mahauci ya zama abokin hirarsa, tunda shi ba inda zai gudu. Anti Shiru, wadda aka ba kujerar darakta, ta zo dubiya da lemo da ayaba, ta zauna shiru, da za ta tafi ta ce ya kwantar da hankalinsa, za ta bar shi a kujerarsa. Ya ce ya gode, yana kallon rufi.

Wata safiya likita ta gwada shi, ta dubi na'ura, fuskarta ta washe. Ta dafa masa kafaɗa ta zubo tsakuwa mai daɗi. Wannan karon bai hana nas fassara ba.

"Ta ce albishirinka, Yallaɓai. Ridin ɗinka ya sauko. Yanzu daidai yake da na kowa, ba ka fi kowa ba, ba wanda ya fi ka. Gobe za a sallame ka."

Matarsa ta ɗaga hannu ta gode wa Allah. Yayarsa ta fara naɗe kaya. Mahauci ya taya shi murna daga gadonsa. Malam Ƙamus kuwa ya juya fuska bango. Can sai ya yafito matarsa, ta sunkuyo, ya yi ƙasa da murya.

"Alfarma ɗaya nake nema. Ki ce musu jinina ya hau, ki ce na suma, ki ce duk abin da kika ga dama. Amma kar ki bari a ji a ofis cewa an gwada ni an same ni daidai da kowa."